Baƙo daban, mai bara daban: amsa ga ɗana na Kano

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji zafin da ke cikinsa. Ka ce ka ga hotunan yadda jami'an shige da fice na Gana suka kwashe masu bara a titunan Akra a watan Mayun 2025, mutum sama da 2,000, akasarinsu mata da yara daga Nijar, da yawansu kuma harshenmu suke yi. Ka tambaye ni ina Hausawan Zango suke a lokacin, ko mun manta da haƙƙin baƙo ne.

Ba mu manta ba. Zango kansa ai masaukin baƙo ne. Sabon Zangon Akra da nake zaune a ciki Malam Bako ne ya kafa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce, domin wanda ya zo daga arewa ya sami inda zai ajiye kayansa. Haka kakanka ya sauka da ya zo fataucin goro, bai san kowa ba. Al'adarmu har gobe ita ce: baƙo ya yi sallama a masallaci, a tambaye shi garinsu, a kai shi wurin maigidan da ke saukar da mutanen wannan yanki. Maigida ya ba shi tabarma a zaure, a miƙo masa tuwo daga cikin gida, kwana uku ba mai ce masa komai. A rana ta huɗu sai a tambaye shi abin da hannunsa ya iya. In mahauci ne a haɗa shi da mahauta, in ya san shanu a tura shi kasuwar shanu ta Tulaku, in ƙarfi kawai gare shi akwai dako a kasuwa, akwai gadi. Maigida ne ke tsaya masa. In ya ci bashi ko ya yi faɗa, ƙofar maigida za a buga, in abin ya fi ƙarfinsa a je gaban Sarkin Zango.

Waɗannan bayin Allah da ka gani ba ta wannan ƙofa suke shigowa ba. Mota ce ke sauke su da dare, da wanda ya kawo su, da wanda ya san mahaɗar da za a tsayar da su. Ba su da maigida, ba mai sanin sunansu. Da safe sai ka gan su a unguwannin Nima da Abossey Okai da Kaneshie, uwa tana zaune a inuwa, yara suna ratsa motoci. Yarinya 'yar shekara biyar za ta kama hannun mai wucewa ta riƙe gam, tana bin sa har sai ya jefa mata sidi ɗaya, kuɗin Gana. Ni na ga babur ya taka ƙafar wani yaro a gabana, ya tashi yana ɗingishi ya koma wurin gilashin mota ta gaba.

Gwaggonka ta taɓa jawo wata daga cikinsu, wadda ta ce daga wajen Kance take, a jihar Damagaram. Ta zo da yara uku. Aka ba ta ɗaki, aka ce ta riƙa taya tuyar ƙosai da damun koko da asuba a biya ta, yaran kuma su shiga makarantar allo ta unguwa. Mace ce mai kunya, ga aiki. Kwana tara ta yi. Ranar da za ta tafi ta durƙusa tana kuka, ta ce biyu daga cikin yaran ba nata ba ne, aro aka ba ta, iyayensu na can suna jiran rabonsu, ga kuɗin mota da ta ci bashi. Abin da yaran ke tarawa a titi ya fi ladan ƙosai nesa ba kusa ba. Ban ga laifinta ba, wallahi. Wanda damina ta ci amanarsa shekara biyu a jere ya san abin da ya kore shi daga gida. Amma daga ranar na daina miƙa kuɗi a danja, don na gane hannun da ke karɓa ba shi ne ke ci ba. Abinci muna bayarwa, tufafi muna bayarwa, wanda ya mutu a cikinsu mu ne muke masa sutura.

Akwai kuma abin da kai ba za ka ji shi a jikinka ba, saboda a ƙasarku kake. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Ministan Gana Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice. Babanka yana cikin waɗanda aka loda a mota, shi ya sa aka haife ka a Kano. Ni na tsira ne da takardar haihuwar uwata. Tun daga nan muke lallaɓa zamanmu da ƙabilar Ga da Asantawa, har muka kai inda shugabannin ƙasa ke zuwa gaida Babban Limamin Gana Sheikh Usman Nuhu Sharubutu a gidansa. Mai motar da yaro ya manne wa ba ya bambance ɗan Zango da wanda ya sauka jiya. Hausa ya ji, shi ke nan. Bara kuma laifi ne a dokar Gana tun 1969 ɗin, ko da yake an daɗe ana kau da kai.

Kwasar ma ba ta magance komai ba. A 2022 gwamnatin Nijar ta turo jirgi ta ɗebi ɗaruruwa daga Akra, bayan waɗanda ta kwaso daga Dakar, ba a jima ba titunan suka sake cika.

Yaron nan da ka ce yana son zuwa neman kuɗi, ka turo shi da katin shaidarsa da lambata. Ɗakin zaure babu kowa tun bayan Sallah, kuma na yi wa wani mai sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai maganarsa. Ka gaida mahaifiyarka da yara.