Filin Kalma da Karin Magana: Kyauta Ce ko Biyan Alhaki?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda, alhali masu su ba su san juna ba. Wani kamfanin fasaha ne ya zo nan Jos ya raba wa makarantu kwamfutoci da faifan sola, aka yi taro, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Kwana biyu bayan haka sai ga tambayoyi suna shigowa, duk a kan kalmomin da aka ji a wurin taron.

Daga wata mai fassara labarai a gidan rediyo: "Malam, barka da aiki. Kamfanin ya aiko da sanarwa da Turanci, ya ce rabon yana cikin shirinsa na CSR, wato Corporate Social Responsibility. Na fassara da 'tallafin kamfani ga al'umma', edita ya soke ya rubuta 'kyautatawa'. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?"

Malama, ke da editan naki duk kun yi wa kamfanin rangwame. Tallafi daga tallafa yake, wato sa hannu a ƙarƙashin abin da ke neman faɗuwa, yadda ake tallafe kan jariri. Mai tallafi yana da zaɓi, ranar da ya janye hannunsa ba wanda zai kai shi gaban alƙali. Kyautatawa ta fi ma sakin jiki, domin a wurin Bahaushe wanda aka yi wa kyauta shi ake bi bashin godiya, shi ya sa aka ce yaba kyauta tukwici. To amma harafin ƙarshe na CSR, wato R na "responsibility", yana nufin abin da za a tsare mutum a tambaye shi a kansa. Hausa tana da kalmomi uku a wannan fagen: nauyi, haƙƙi da alhaki.

Nauyi namu ne na gida, daga kayan da ake ɗauka a ka. Ana ɗora shi, ana ɗauka, ana saukewa. Haƙƙi (wasu na rubuta hakki) da alhaki kuwa tagwaye ne daga kalmar Larabci guda. Alhaki ya shigo da "al" ɗinsa manne a goshi, kamar alƙali da alheri da albasa, haƙƙi ya shigo tsirara. Da suka zauna a bakin Hausawa sai kowa ya kama sana'arsa. Haƙƙi shi ne abin da wani yake binka tun kafin ka yi masa komai: haƙƙin iyaye, haƙƙin maƙwabci, haƙƙin ma'aikaci. Alhaki shi ne abin da ke hawa kanka bayan ka tauye wannan haƙƙin. Tsohuwa idan ta ce "kada ka ɗauki alhakina" ba aiki take ba ka ba, gargaɗinka take yi. Gidajen rediyo ne suka faɗaɗa kalmar har muka saba jin "wata ƙungiya ta ɗauki alhakin harin", kuma ko a nan ɗin ma ba a rabu da laifi ba. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Dubi dabbar da aka zaɓa: ba kura ba, ba zaki ba, ɗan ƙaramin abin da ka raina, ka kore shi ya koma, ka shiga zaure ka tarar ya riga ka.

Wannan gardamar taku, su ma masu harshen sun daɗe suna yinta. A 1953 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Howard Bowen, ya yi rubutu cewa ɗan kasuwa yana da abin da jama'a ke binsa bayan neman riba. A 1970 Milton Friedman ya fito a jaridar New York Times ya ce nauyin kamfani shi ne ya ƙara riba, muddin bai karya doka ko ya yi yaudara ba. Indiya ta raba gardama a dokar kamfanoninta ta 2013, ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan ayyukan jama'a. A nan gida an ga salon biyu. Dokar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta 2007 ta ɗora wa kamfanonin sadarwa da bankuna da makamantansu, masu cinikin naira miliyan 100 zuwa sama a shekara, biyan kashi 1 cikin 100 na ribarsu don bunƙasa fasaha. MTN kuwa da kansa ya kafa gidauniya a 2004, ya ce zai riƙa zuba mata har kashi 1 cikin 100 na ribarsa bayan haraji. Kowane almajiri zai gane bambancin nan ba tare da ya je jami'a ba: ɗaya zakka, ɗaya sadaka. Wanda ya fitar da zakka bai yi wa talaka alfarma ba, kayansa ya miƙa masa. A majami'un Jos ma an raba zakka da baiko.

Shawarata ki rubuta "haƙƙin al'umma a kan kamfani". Idan aikin ake nufi, ki ce kamfanin ya "sauke wani ɓangare na haƙƙin al'umma". Editanki zai ce ya yi tsawo, kuma da gaskiyarsa. Amma ki lura da abin da jimlar ta yi: ta sa jama'a a mazaunin mai bin bashi. Da "kyautatawa" aka karanta, mai sauraro a Gangare zai ce Allah ya saka da alheri ya wuce. Da "haƙƙi" aka karanta, zai iya tambaya, to saura nawa?

Alhaki kuma ki ajiye shi sai inda aka yi ɓarna aka zo gyara. Kamfanin da janaretan turken sadarwarsa ke kwana yana tura wa unguwa hayaƙin dizal da ƙara, in ya zo ya haƙa musu rijiyar burtsatse, kada ki ce kyauta.

Daga wani matashi mai gyaran waya a wajen Taminus: "Baba, a taron nan sai cewa suke 'ci gaba mai ɗorewa'. Ni na san waya mai ƙarko. Ɗorewa da ƙarko ba abu ɗaya ba ne?"

Ɗana, ba ɗaya ba ne, kuma teburinka ya fi ofishina dacewa da wannan bayanin. Ƙarko na jikin abu ne. Yadi mai ƙarko, takalmi mai ƙarko, tsohuwar Nokia da ake jefarwa ta tashi. Abu mai ƙarko yana jure wahala, amma ranar da ya mutu shi ke nan. Ɗorewa daga ɗora take: ka ɗora tukunya, ka ɗora bulo a kan bulo, ka ɗora daga inda na gaba ya tsaya. Ɗorin karaya ma ɗan gidan ne, haɗa abin da ya rabu domin ya ci gaba da aiki. Abu ya ɗore idan na yau ya bar wa na gobe wurin hawa. Shi ya sa muke cewa Allah ya sa zumunci ya ɗore, domin mutane ne ke miƙa wa juna shi.

Ma'anar da duniya ke aiki da ita ta fito ne daga rahoton wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1987, wanda Gro Harlem Brundtland ta Norwe ta shugabanta: a biya buƙatar mutanen yau ba tare da an toshe wa na baya hanyar biyan tasu ba. A kanta aka ɗora muradu 17 da ƙasashe suka amince da su a 2015, da wa'adin 2030. Wanda ya fara fassara wannan da "mai ɗorewa" ya iya Hausa, na jinjina masa ko wane ne. Manomi ya san abin tun tuni, domin komai yunwar bazara ba ya dafa iri. Ɗan kasuwa ma ya san ana cin riba ne a bar uwa.

Yanzu dubi dalmar da kake narkarwa kana liƙa ƙananan ƙafafun nan a allon waya. Da kuza ake yinta, kuma kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a wannan liƙin take ƙarewa. Ka ga kenan sana'arka da garinka dangi ne. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai suna narka kuza suna kai wa kasuwa. Da kamfanonin Ingila suka shigo a farkon shekarun 1900 aka buɗe ƙasar Filato, aka tono gonakin Birom, aka kwaso leburori daga ƙasar Hausa da sauran wurare. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, har aikin tilas aka sa mutane a ramukan. An samu abubuwa masu ƙarko, ban musa ba. Kamfanin lantarki na NESCO, wanda aka kafa a 1929 don ba ma'adinan wuta daga ruwan Kurra, ya rayu bayan waɗanda aka kafa shi dominsu. Amma da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, me aka bar wa na baya? Ramuka. Bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ka ƙirga da idonka. Wasu sun zama wurin noman rani, daga gefensu ake kawo kabeji da karas da tumatir Farin Gada, na Rayfield ya zama wurin shaƙatawa, wasu kuma duk shekara sai sun ci yara da dabbobi. Waɗanda suka sayi hannun jari a Landan sun kwashi rabonsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka in wani ya ce maka aikinsa mai ɗorewa ne, kana da tambayoyin da ka fi kowa iya yi. Batirin solar nan idan ya mutu bayan 'yan shekaru, wa zai canza? Kwamfutar in ta lalace, ana samun kayan gyaranta a Jos, ko an liƙe ta ne yadda ba mai iya buɗewa? An koya wa wani malami a makarantar yadda ake kula da su? Na taɓa shiga wata makaranta na tarar da kwamfutoci a jere an lulluɓe su da zani, shekara da shekaru ba a kunna ba saboda babu wuta, allon sunan waɗanda suka bayar kuwa yana nan a bango yana ƙyalli. Allon nan, shi kam yana da ƙarko.

Daga wani malamin sakandare a Bukuru: "Sun ce su kamfani ne 'mai manufa'. Akwai kamfanin da ba shi da manufa?"

Malam, babu. Manufa daga nufa take, an yi mata ginin sunan wuri irin na mafita da mashiga da maƙera, wato inda aka dosa. Ɓarawo ma yana da inda ya dosa. Abin da suke son faɗa shi ne suna da wata manufa bayan riba, to sai a fassara haka ɗungurungum. Kada a sa niyya a wurin, domin niyya a zuci take, ba mai iya bincikenta sai Allah. Manufa kuwa tunda wuri ce, ana iya duba sawun mai tafiya. Microsoft ya yi alkawari a 2020 cewa zuwa 2030 zai riƙa janye iskar da ke ɗumama duniya fiye da wadda yake fitarwa, sai rahotonsa na 2024 ya nuna abin da yake fitarwa ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100 a kan na 2020. Na Google a shekarar ya nuna ƙarin kashi 48 cikin 100 a kan na 2019. Duka biyun sun danganta abin da manyan cibiyoyin adana bayanai da ake ta ginawa, waɗanda ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa cin wuta. A yaba musu da suka buga alƙaluman da kansu. Sai dai mutum ne ya ce Bauci ya nufa, aka gan shi a motar Akwanga.

Daga wata ɗalibar Jami'ar Jos: "Malam, kakata ta ga hotunan taron ta ce 'zanen aro ba ya rufe katara'. Mene ne katara? Kuma me za mu kira matattun wayoyi da kwamfutoci da Hausa?"

'Yata, ki gaishe min da Hajiya. Katara ita ce gefen jiki daga ƙugu zuwa saman cinya, inda zane ke haɗuwa in an ɗaura. Zanen da ba naki ba ba a auna shi da jikinki ba, kuma kina ɗaure da shi kina tsoron mai shi, don haka kullum sai wani wuri ya leƙo. Turawa suna da kalma ta musamman, "greenwashing", ga kamfanin da ke shafa wa kansa koren fenti don a ce yana kula da muhalli. An sha tambayata fassararta, ni kuwa ban ga abin wahalar ƙirƙira ba tunda muna da "ganin ido" da "rufa-rufa", ga kuma wannan karin maganar ta kakarki da ta fi su duka kaifi. Amma ki gaya mata, cikin ladabi, hoto kaɗai bai isa a yanke wa mutane hukunci ba. A koma makarantun baɗi war haka a gani.

Matattun na'urori kuwa, gidajen rediyo suna cewa "sharar kayan lantarki", kuma ba laifi. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 nasu, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ni dai na fi son bola a kan shara. Shara abin da tsintsiya ta kwaso ne, ba mai waiwayarsa. Bola kuwa akwai masu shiga su fito da abinci, har suka raɗa wa sana'ar suna jari-bola. Yaran nan masu tura baro suna bin unguwa, su ne ke ɓare wayoyin, wasu su ƙona robar don su ciro jan ƙarfe, su shaƙi hayaƙin. Idan za ki rubuta a aikinki na makaranta, sa "bolar kayan lantarki", in malaminki ya ja layi a ƙarƙashi ki turo min abin da ya ce.