Masana sun ƙi amincewa da "zamanin ɗan Adam": kimiyya ce ko siyasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Aboabo, nan Kumasi. Na ji an ce masana duwatsu sun ƙi yarda cewa duniya ta shiga sabon zamani mai suna Anthropocene, wato zamanin da hannun ɗan Adam ya sauya ƙasa. Alhali ga kogin Offin nan, galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya mayar da shi kamar koko. Kimiyya ce ta hana, ko siyasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun suna da hannu, amma babu wanda ya musanta ɓarnar. Sinadarin makuri da masu haƙar zinare ke zubawa zai daɗe kwance a lakar Offin.

Masanin kimiyya Paul Crutzen ne ya yaɗa sunan a 2000, aka kafa kwamitin bincike a 2009. A fanninmu na ilimin duwatsu ba a buɗe sabon zamani sai an ɗora yatsa kan layi guda cikin dutse ko laka ko ƙanƙara, an ce daga nan aka fara. A 2023 kwamitin ya zaɓi tafkin Crawford a Kanada. Lakar gindinsa tana kwanciya shekara-shekara, layi bisa layi, har ana iya ƙirgawa, kuma wajen 1952 sai ga burbushin pulutoniyam na gwajin bama-baman nukiliya, layin da kwamitin ya so ya zama mafarin sabon zamanin. A Maris 2024 wani kwamitin masana da ke sama da shi ya kaɗa ƙuri'a kan shawarar: 12 suka ƙi, 4 suka yarda, 2 suka ƙaurace. A hukumance dai muna nan cikin Holocene, wanda ya fara shekara 11,700 da suka wuce.

Masu ƙin suna da hujja. Shekara 70 da ɗoriya ba ta taka kara ta karya ba a ma'auninmu. Tafkin Bosomtwi da ke kusa da ku ma ya haura shekara miliyan 1. Noma da sare daji kuwa sun riga 1952 da dubban shekaru.

Inda siyasa ta shigo shi ne ranar farawa, don duk ranar da ka zaɓa ka nuna mai laifi. Masana biyu, Simon Lewis da Mark Maslin, sun kawo 1610, lokacin da miliyoyin 'yan asalin nahiyar Amurka suka mutu bayan zuwan Turawa, gonakinsu suka koma daji, iskar kabon ta ragu a sararin sama. Ka ce 1952, ka nuna ƙasashe masu bam. Mu nan abin bai yi mana nisa ba: da Faransa ta tayar da bam ɗinta a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, Nkrumah ya sa aka riƙe kadarorin Faransa da ke Ghana.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ɗora laifin kan kowa daidai wa daida. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon da masana'antu da motoci ke fitarwa a duniya ba, to yaya za a haɗa manomin Bawku da mai kamfanin kwal? Shi ya sa na fi karkata ga masanan da ke cewa a ɗauki lamarin a matsayin sauyi mai ci gaba, wanda ya fara a wurare daban-daban a lokuta daban-daban. Haka zan so ka koyar da shi a aji.