Waye mai harara-garken nan na finafinan kaboyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah akwai wani mutum da nake yawan gani a tsofaffin finafinan kaboyi na Amurka, idonsa ɗaya a karkace, kusan kullum yana cikin yaran bos kuma kafin a gama fim an harbe shi. Waye shi? Idon nan na gaske ne ko kwalliya ce? Kuma me ya hana shi zama jarumi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan kwatancen naka ai Jack Elam ne, an haife shi 1920 a jihar Arizona, ya rasu 2003 a Oregon. Idon kuma na gaske ne wallahi, yana ɗan shekara 12 wani yaro ya soke shi da fensir a idon hagu, daga nan idon ya daina gani.

Abin da zai ba ka mamaki, da farko ba ɗan wasa ba ne, akanta ne, lissafin kuɗi yake yi wa kamfanonin fim a Hollywood, har da na Samuel Goldwyn, sai likita ya gargaɗe shi in ya ci gaba da ƙura wa lambobi ido to ɗayan ma zai iya tafiya, shi ne ya ajiye biro ya koma gaban kyamara wajen ƙarshen shekarun 1940. Daraktoci na ganin fuskar nan suka ce sun samu mugu. A talabijin ma ya sha fitowa a Gunsmoke, shirin da tashar CBS ta yi ta haskawa daga 1955 har 1975, yau ya zo a wannan ɗan ta'adda, wani satin a wani daban.

Maganar jarumi kuwa, a wancan zamanin, kamfanonin fim kyakkyawa suke nema su manna a fosta, irin su Elam aikinsu daban ne, su ne masu sa ka yarda cewa jarumi na cikin haɗari. Ni dai har ga Allah ina ganin ba a ba su haƙƙinsu. Ka duba farkon Once Upon a Time in the West na darakta Sergio Leone, 1968. Mutum uku na jiran jirgin ƙasa a tasha, kusan babu magana, ƙuda ya sauka a fuskar Elam yana ta yawo, shi kuma sai hura iska yake da gefen baki, can dai ya ritsa ƙudan a cikin bakin bindigarsa ya toshe da yatsa, ya kara a kunne yana sauraron kukansa. Jirgi na zuwa Charles Bronson ya harbe su duka, shikenan an gama da shi tun fim bai yi nisa ba, amma duk wanda ya kalla sai ka ji yana ba da labarin mai ƙudan nan.

Daga 1969 kuma ya juya zuwa barkwanci, a Support Your Local Sheriff tare da James Garner, fuskar da ake tsoro ta koma ba mutane dariya, kuma ya iya sosai. A 1994 gidan tarihin kaboyi na Oklahoma City ya sa sunansa cikin manyan 'yan wasan finafinan kaboyi. In za ka nema, fara da na Leone ɗin, sannan ka bi da na Garner.