Amsa ga malamar da ta yi tambaya kan raba 'yan nazire rukuni-rukuni

Wa'alaikumus salam Malama. Kin ce yaranki 36 ne a nazire 2, kina so ki raba su wasu su yi wasan haruffa wasu ƙirga su kaɗai, amma da kin juya baya sai aji ya koma kasuwa. Wallahi nima na sha wannan a shekarata ta farko, rana ɗaya na baza kaya a kusurwa huɗu na ce kowa ya je ya yi, ranar da ciwon kai na koma gida.

Abin da na gane daga baya shi ne, kusurwar nan ba wajen koyon sabon abu ba ce. Duk abin da za ki aje musu sai wanda kuka riga kuka yi tare a kan tabarma sau uku sau huɗu har ya zauna musu. In sabo ne to dole ki ji Anti Anti ta ko'ina, kuma ba laifinsu ba ne.

Sannan kar ki buɗe duka lokaci guda dan Allah. Ni yanzu sati uku na farko ba na damuwa da karatun ma, yadda ake ɗauko kwando, yadda ake zama, yadda ake mayar da kaya in na tafa sau uku, shi kawai muke ta maimaitawa, kusurwa ɗaya duk sati, sai na ga sun iya sannan na ƙara wata. Minti 10 zuwa 15 ya ishi ɗan shekara biyar, in ya wuce haka faɗa ne zai biyo baya. Rukuni kar ya wuce yara 6, ke kuma ki zauna da rukuni ɗaya inda idonki ke kan kowa.

Maganar kaya, ba sai kin kashe kuɗi ba. Kiret ɗin ƙwai rami 30 gare shi, in kin yanka layi biyu-biyu za ki samu guda uku masu rami goma-goma. Yaro ya ɗauki kati mai lamba 7 ya zuba murfin kwalba bakwai, da idonsa zai ga saura rami uku ya cika goma, ba ki ce masa komai ba. Akwai wata yarinya da ta yi wata biyu tana rera ɗaya biyu uku kamar waƙa ba ta san me take ƙirgawa ba, a kan kiret ɗin nan na ji ta ce wa ƙawarta "naki ya fi nawa da biyu", sai da na ji ƙwalla. Amma ki guji wake da masara, mun taɓa kai yaro asibiti ya tura wake a hanci, murfin kwalba ko ƙwallon goruba sun fi.

Na haruffa kuma faranti da yashi tankaɗaɗɗe, su dinga zana harafin da yatsa suna faɗin sautinsa. Tun 1907 da Maria Montessori, wata malamar yara 'yar Italiya, ta buɗe ajinta a birnin Rum ta fara sa yara shafa haruffan samfefa, dabarar ɗaya ce. Yana taimako sosai wajen b da d, balle mu da muke da ɓ da ɗ a kai. Masu ɗan nisa ki rubuta musu gaɓoɓi a murafe, "ki" da "fi" su haɗa kifi, "ba" da "ki" su haɗa baki.

Ki yi yadda yaro zai gane ya yi daidai ba sai ya zo wajenki ba. Ni katin hoto da harafinsa nake yankawa a karkace, kowanne da irin yankansa, in ba nasa ba ne ba zai shiga ba. Ki manna musu salatif saboda yawu da jagwalgwalo, in ba haka ba duk sati sai kin sake sabbi.