Da Gaske Sherlock Holmes Ya Zauna a Gida Mai Lamba 221B?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina da ke karatu a Landan ya turo mini hoton wani shuɗin allo manne a bangon gida a titin Baker, ɗauke da sunan Sherlock Holmes da shekaru 1881 zuwa 1904. Ni na san mutumin tatsuniya ne. To yaya za a yi wa wanda ba a taɓa haifa ba allon tunawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka sani daidai ne. Holmes, mai binciken laifuka na cikin littafi, ƙirƙirar Arthur Conan Doyle ne, wani likita ɗan garin Edinbara, wanda ya fara fito da shi a labari a 1887. Sai dai ya ɗebo wasu halayensa daga malaminsa, Dakta Joseph Bell, wanda kan dubi majiyyaci sau ɗaya ya faɗi sana'arsa da inda ya fito.

Doyle ya zaunar da Holmes a gida mai lamba 221B a titin Baker, amma lokacin da ya rubuta labaran, lambobin gidajen titin ba su ma kai 221 ba. Da aka sake tsarin lambobin a farkon shekarun 1930, sai lambar ta faɗa kan ginin wani kamfanin lamunin gidaje da daga baya aka sani da Abbey National. Nan wasiƙu suka dinga kwararowa daga sassan duniya, mutane suna neman Holmes ya warware musu matsala, har kamfanin ya ɗauki ma'aikaci na musamman yana ba su amsa. Gidan da ƙanenka ya ɗauka hoto kuwa gidan tarihin Holmes ne da aka buɗe a 1990. Yana tsakanin lamba 237 da 241, hukumar yankin Westminster ce ta yarje masa ya ɗauki 221B.

Ka kuma lura da wani abu. Shuɗin allo na hukuma, wanda English Heritage, ƙungiyar adana wuraren tarihi ta Ingila, ke kula da shi, ana kafa shi ne ga mutanen da suka rayu da gaske, kuma sai sun shekara 20 da rasuwa. Allon Holmes ba ya cikin wannan tsari, launinsa da siffarsa kawai aka aro. Shi ya sa baƙi da yawa ke ruɗewa, kuma a ganina da an rubuta sunan Doyle a jikinsa da ya fi.

Abin bai tsaya a Landan ba. A ƙasar Suwizalan, kusa da garin Meiringen, akwai allo a magangarar ruwan Reichenbach, inda Doyle ya sa Holmes da abokin gabarsa Moriarty suka faɗa ƙasa a labarin da ya fito a 1893. Doyle ya gaji da Holmes ne, yana so ya rabu da shi, amma masu karatu suka tayar da ƙayar baya har ya dawo da shi. A asibitin St Bartholomew da ke Landan akwai allo a kan haɗuwar Holmes da abokinsa Dakta Watson ta farko. Birnin Mosko ma ya kafa musu mutum-mutumi a 2007. Sauran masu binciken cikin littafi sun samu nasu rabon: Maigret na Georges Simenon yana da mutum-mutumi a garin Delfzijl na ƙasar Holan tun 1966, Poirot na Agatha Christie kuwa jaridar New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafinta na farko a 1975.

Me ke kawo haka? Kuɗin 'yan yawon buɗe ido na ciki, ba shakka. Amma galibi masu karatu ne ke fara neman wurin, sannan 'yan kasuwa su biyo baya. Doyle ya zaunar da labaransa a tituna da asibitoci da tashoshin jirgin ƙasa na gaske, don haka wanda ya shaƙu da labarin yakan so ya taka ƙasar da ƙafarsa. Ban ga laifin wannan ba, ƙauna ce.

Wanda ke ci mini rai shi ne na Edinbara. A Picardy Place, titin da aka haifi Doyle a 1859, mutum-mutumin da aka kafa a 1991 don girmama shi na Holmes ne, da hula da lofensa. Mutumin da ya zauna ya yi aikin, sai ka sunkuya ka karanta rubutun da ke gindi kafin ka ga sunansa.