Jaridar kasuwanci ta kuɗi a waya: amsa ga mai sayen riɗi da zoɓo

Wani Alhaji daga wani ƙauye a yankin Gumel ya aiko da wannan tambaya: "Ina sayen riɗi da zoɓo da kaka in ajiye, in farashi ya ɗaga in kai Dawanau. Ɗana da ya gama karatu ya matsa mini in riƙa biyan kuɗi duk wata ga wata jaridar kasuwanci ta intanet, wai da irinta manyan 'yan kasuwa suke gane inda kasuwa ta dosa. Ni Turancina ba shi da ƙarfi. Kuɗin nan zai dawo, ko asara ce?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaronka bai yi ƙarya ba, amma akwai abin da ya rage bai faɗa maka ba.

In farashin yau kake nema, kada ka biya ko sisi. Nawa buhun riɗi ya kwana a Dawanau, nawa aka sayi zoɓo ranar Alhamis a Maigatari, mota nawa ta sauke kaya, wane kamfani ne ya buɗe sikeli, wanne ya rufe: babu jaridar Legas ko ta Landan da za ta riga dillalinka sanin wannan. Kiran waya na minti biyu ya wadatar. Ko rahoton farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take fitarwa, kafin ya fito watan da yake magana a kansa ya riga ya wuce, ga shi kuma kyauta ne.

Amma kayanka ba irin gero da dawa ba ne da ake cinye mafi yawansu a gida. Riɗinmu jirgin ruwa yake bi zuwa ƙasashe irin su Japan, Sin da Turkiyya. Zoɓo kuwa babbar kasuwarsa Meksiko ce, kuma an taɓa dakatar da shigar na Najeriya can saboda ƙwarin ajiya, masu kaya a sito suka ji a jikinsu. Ka ga ke nan farashin da ake yanka maka a Dawanau wani ɓangarensa daga nesa ake yanke shi, inda dillali ba ya gani. A nan ne maganar yaronka take da nauyi.

Ka tuna 2023. Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwarsa, Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, ya kuma ce dole a haɗe farashin canjin dala, na gwamnati da na kasuwa, ya zama ɗaya. Kowa ya ji maganar fetur, don washegari gidajen mai suka nuna mana. Maganar canji kuwa ta wuce ta kan mutane da yawa. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanka mata farashi, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Duk kayan da ake sayarwa waje da dala sai da suka bi ta. Wanda aka yi wa fashin baƙin waccan jimla guda ta maganar canji tun da wuri ya san bai kamata ya yi gaggawar buɗe sito ba. A wancan lokacin ne kuma aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a ba da umarnin buɗewa ba sai Maris 2024, ba sai na gaya wa ɗan Gumel abin da hakan ya yi wa Maigatari ba.

Sai kuma Yuli 2024, da gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Wannan, tare da wasu dalilai, ya sa hatsi ya karye a 2025, mutane da dama da suka cika sito da tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Har yau abin yana damuna, domin sanarwar ba a ɓoye aka yi ta ba. An karanta ta a rediyo da Hausa.

To ka lura da wannan sosai, don shi ne ƙashin bayan amsata. Labarin kansa kusan kullum kyauta ne. Freedom Radio za ta faɗa, Rediyon Jigawa zai faɗa, BBC Hausa da Aminiya za su kawo. Abin da ake sayarwa a jaridu irin su BusinessDay ta Legas, ko Financial Times da Bloomberg na waje, shi ne bayani: me zai biyo baya, wa zai ci riba, wa zai faɗi, sai kuma ɗan rigaye na kwana ɗaya ko biyu. Bayanin nan kuwa ba don kai aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne don ma'aikacin banki da mai hannun jari. Cikin labari ashirin, in ka samu ɗaya da ya taɓa riɗi ko zoɓo ka yi sa'a, sauran duk kuɗin ruwa ne, da ribar bankuna, da ɗanyen mai. Sai an samu wanda zai zauna ya tace, ya ce maka: Baba, wannan yana nufin kuɗin mota zai ƙaru, wancan yana nufin masu fitar da kaya za su rage saye. In babu mai yin wannan aikin, ka sayi fitila ne ka ajiye a ɗakin da ba kowa.

Akwai kuma tarkon biyan kuɗin. Jaridun waje da dala suke caji, duk ranar da naira ta faɗi kuɗinka ya ƙaru ba tare da an tambaye ka ba. Galibi sukan fara da farashi mai rahusa na 'yan makonni, in ya ƙare su koma cikakken kuɗi, su riƙa zara daga katinka duk wata har sai ka je da kanka ka dakatar. Wanda ba ya duba alat zai iya shekara ana cire masa. Ga kuɗin data, ga sabis ɗin ƙauye da ka fi ni sani.

Wani haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne mutum ya karanta hasashe cikin Turanci mai daɗi ya ɗauka wahayi ne. Masu rubutun nan suna kuskure, kuma in sun yi ba jarinsu ne yake narkewa ba. Kada ka taɓa cin bashi ka cika sito don wani marubuci ya ce dala za ta tashi. Masu karɓar kuɗi a WhatsApp da Telegram su ce za su ba ka "sirrin kasuwa" kuwa, waɗannan ba 'yan jarida ba ne ma, ka yi nesa da su.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Jaridun waje ka bar su tukuna, na masu fitar da kwantena ne da kansu. Ka zaɓi ta gida guda ɗaya mai karɓar naira, ka biya na wata-wata, ban da na shekara komai ragin da suka yi. Ka fara daga Satumba, gab da kaka, zuwa wata uku ko huɗu, lokacin da kake yanke shawarar saye da ajiya. Katin da za a saka ya zama na wani asusu daban mai ɗan kuɗi kaɗan, ba na jarin kasuwa ba.

Sannan ka ɗora wa yaron nauyi, tunda shi ya kawo shawara. Duk Laraba da daddare, kafin ka tafi Maigatari, ya zo maka da abu uku kacal da Hausa: ina dala ta nufa, akwai sabuwar doka kan iyaka ko fitar da kaya ko haraji, me ake cewa kan masu sayen riɗi da zoɓo a waje. Ya rubuta a littafi da kwanan wata, kai kuma ka sa a rubuta a gefe abin da dillalinka ya faɗa da abin da ka aikata. Ya haɗa da hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara, shi ma ba a biya.

In wa'adin ya cika ku buɗe littafin tare. Ka mayar da abin da ka kashe, har da data, zuwa tiyar riɗi, ka ga tiya nawa ce. Sai ka nemi ko sau ɗaya da bayanin ya sa ka riƙe kaya ko ka saki, wanda da rediyo da dillali kaɗai ba za ka yi ba. In akwai, ka ci gaba har zuwa bazara. In babu, ku dakatar a ranar, yaron ya ci gaba da zaman Laraba da labaran da ake samu kyauta.