Soji sun tafi da ƙanena, gawarsa muka samu: amsar lauya

Ɗan uwa daga wajen Tahoua ya turo min saƙo, wai soji sun sauke ƙanensa daga mota a wani shinge ranar kasuwa, bayan kwana uku aka tsinci gawarsa a daji hannu ɗaure da rawaninsa. Ya ce bai san wanda ya harbe shi ba, yana tambaya ko akwai abin yi, tunda mutanen gari sun ce masa a bar wa Allah.

Malam, Allah ya jiƙansa, ya baku haƙuri. Abin yi kam akwai, amma ba zan ce maka da sauƙi ba.

Mutumin da aka kama aka ɗaure, ko da bindiga aka same shi, doka ta hana a kashe shi ba shari'a, balle farar hula. Yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta faɗi haka ko a yaƙin cikin gida, kuma tun 2003 dokar hukunta laifuka ta Nijar ta saka laifukan yaƙi a ciki. Irin wannan laifi baya tsufa. Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, ya faɗi daga mulki a 1990, sai 2016 kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, mutanen da ya azabtar ne suka ƙi gajiya.

Kace baka san wanda ya harba ba, toh wannan bai kashe maganar ba. Komandan da ya sani, ko ya kamata ace ya sani, bai hana ba kuma bai hukunta kowa ba, shima yana ciki, kuma ƙaramin soja bai isa ya fake da "oda aka bani" ba. Shi yasa lambar mota da wurin da shingen yake da ranar sun fi maka sunan mutum guda anfani.

Yanzu dai ka rubuta komi tun ba'a manta ba, direban da fasinjoji da waɗanda suka yi wa gawar wanka suka ga raunukan, ka nemi takardar mutuwa, hotuna kuma kar ka barsu a waya ɗaya, don Allah kar ka zuba su a Facebook, shaidunka kake jefawa a haɗari. Daga nan ka samu lauya ya shigar da ƙara da sunan iyali, tana iya ƙarewa a kotun soja a Yamai. Kotun CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma) da muke rugawa a da, Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul tana nan, amma sai ka nuna ka gwada kotunan gida tukuna.

In wani yazo da kuɗin ta'aziyya, karɓa baya goge laifin kisa, amma kar ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a wata takarda sai lauya ya karanta maka ita.